Yadda ake lissafa kuɗin wutar lantarki a Zuru da iyakar da doka ta sa wa bil na ƙiyasi

Garin Zuru da sauran ƙananan hukumomin masarautar, wato Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, suna cikin yankin kamfanin Kaduna Electric, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sokoto da Zamfara. Ba kamfanin ke yanke farashi shi kaɗai ba. Hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, wadda aka kafa da dokar 2005, ita ke amincewa da kuɗin da za a caji kowane gida.

Ma'aunin lissafi

Ana sayar da wuta da yunit. Yunit guda shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 100 ke sha cikin awa goma. Mai mita yana biyan adadin yunit ɗin da ya sha, tare da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2020.

Rukunai biyar

Tun daga 2020 aka raba masu amfani da wuta zuwa rukunai biyar, gwargwadon awannin da layinsu ya kamata ya samu kowace rana. Rukunin A awa 20 ne mafi ƙaranci, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Layin da ke ciyar da unguwa ake dubawa, ba girman gida ko arzikin mai shi ba.

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, ta bar sauran rukunan yadda suke, gwamnatin tarayya na cike giɓin da tallafi. A wannan farashi, yunit 100 ya kama naira 22,500, da haraji kuma naira 24,187.50. A watan Mayu aka sauko da shi zuwa naira 206.80. Umarnin ya tanadi cewa layin rukunin A da ya kwana bakwai a jere bai cika awa 20 ba, a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da shi.

Dalilan da hukumar ta bayar su ne faɗuwar darajar naira da tsadar iskar gas. Ko da yake madatsar ruwa ta Kainji na maƙwabtaka da Kebbi, mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin gas take fitowa, kuma da dala ake ƙiyasta farashin gas ɗin.

Kuɗin wata-wata na dindindin

A da, kowane gida na biyan wani tsayayyen kuɗi duk wata, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. An soke shi daga watan Fabrairun 2016, aka mayar da lissafi kan yunit kaɗai. A Birtaniya irin wannan kuɗi yana nan, ana biyansa kullum, sai dai hukumar Ofgem ta sa masa iyaka tare da farashin yunit tun watan Janairun 2019.

Gidan da ba shi da mita

Nan ne taƙaddama ta fi yawa, domin ƙiyasi ake yi wa irin wannan gida. A watan Fabrairun 2020 NERC ta ƙayyade yawan yunit da za a iya ɗora masa a wata, bisa matsakaicin abin da masu mita na yankinsa suke sha. Hukumar na wallafa wannan iyaka a shafinta na intanet. A watan Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya naira biliyan 10.5 saboda ƙetare iyakar, ta kuma umarce su da su mayar wa jama'a abin da aka cire musu fiye da kima.

Gas na girki

Gas ɗin girki ba shi da farashin gwamnati, kasuwa ce ke yanke shi. Kuɗin dakonsa daga kudancin ƙasar zuwa Zuru yana hawa kan kowane kilo, haka ma kalanzir, wanda aka janye wa tallafi a 2016. Shi ya sa duk lokacin da suka yi tsada, gidaje kan koma ga itace da gawayi.

Hanyar ƙorafi

Wanda ya ga an zarce masa iyaka ya fara rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin, ya haɗa da lambar asusunsa da kwafin bil, ya riƙe shaidar an karɓa. Idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai ya kai ga zauren sauraren ƙorafi na NERC, daga nan kuma yana iya ɗaukaka ƙara zuwa hedikwatar hukumar a Abuja. Bisa ƙa'idar hukumar, sayen taransifoma da turaku da waya haƙƙin kamfani ne, ba na mutanen unguwa ba.