Yadda Aka Fara Auna Zafi da Ƙanƙara

Tun fil azal ɗan Adam ya san gawayi na fitar da zafi idan ya kama wuta, amma faɗin yawan zafin ya daɗe yana gagarar masana. A hunturun 1782 zuwa 1783 ne wasu Faransawa biyu, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, suka samo dabarar auna shi.

Sun ƙera mazubi mai ɗaki uku, wani cikin wani. A na tsakiya ake sa abin da za a ƙona. Na biyu cike yake da ƙanƙara, wadda zafin ke narkarwa, ruwan ya tsiyaye a auna nauyinsa. Na waje ma ƙanƙara ce, aikinta tare ɗumin ɗaki kada ya ɓata lissafi. Gwargwadon ruwan da aka tara, gwargwadon zafin da ya fita.

Bayan gawayi, sai suka sa ɓeran Masar mai rai, ya yi awa goma a ciki. Da suka kwatanta zafin jikinsa da na gawayin da ke fitar da irin iskar da ya fitar ta numfashi, daidai yawanta, sai alƙaluman suka zo kusa da juna. Daga nan suka yanke cewa numfashi ƙuna ce mai tafiya sannu a hankali.

Sun yi kuskure wuri guda: sun ɗauka a huhu ƙunar take, alhali a ƙwayoyin halittar jiki ne. An fille kan Lavoisier a 1794, lokacin juyin juya halin Faransa, kafin a gano hakan.