Buga littafi da kuɗin kai: Hanyar da marubucin Hausa ke bi ya fitar da littafinsa na farko

Buga littafi da kuɗin kai shi ne marubuci ya ɗauki nauyin duk abin da kamfanin ɗab'i ya saba yi masa: gyaran rubutu, tsara shafuka, zanen bango, biyan maɗaba'a da kai littafi kasuwa. A wasu ƙasashe ana kallon wannan hanya a matsayin mafita ga wanda kamfanoni suka ƙi karɓar aikinsa. A ƙasar Hausa kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980 ita ce babbar hanyar da ƙagaggun labarai ke isa hannun masu karatu. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wurin da marubuta ke haɗuwa su taimaki juna, domin yanzu galibin wannan taimako a cikin wayar salula ake yin sa.

Kafin marubuta su kama kasuwa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun hukuma ya fara. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin NNPC a 1966, duka a Zariya. NNPC ne ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, bayan wata gasa da ya shirya.

Wannan tsari yana da inganci wajen tace rubutu, amma ƙofarsa ƙunƙuntacciya ce. Kamfani ya fi son littafin da za a sa a manhajar makarantu, domin nan ne cinikin yake da tabbas. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, aka kuma shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ƙara janyewa daga buga labarai. A daidai lokacin ne matasan da suka ci moriyar shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 suka tasa, suna iya karanta Hausa, suna kuma neman labarin da ya shafi rayuwarsu.

Adabin Kasuwar Kano

Marubuta ne suka cike wannan giɓi da kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin littattafan farko da ake ambatawa a wannan zango. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi suna da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, haka ma Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Manazarci Ibrahim Malumfashi ne ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu.

Tun a wancan lokaci marubuci bai kasance shi kaɗai ba. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun riƙa duba rubutun sababbin shiga, suna haɗa su da maɗaba'a da 'yan kasuwa, suna kuma jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin kowane sabon bugu domin talla. An saba raba labari gida biyu ko uku, ta yadda cinikin littafi na ɗaya zai biya kuɗin buga na biyu. Shagunan littattafai na Kano su ne cibiya, daga nan dillalai ke kwasa zuwa Sakkwato da Katsina da Zariya da Maraɗi, masu bayar da haya kuma suna kai littafi ga wanda ba shi da kuɗin saye. Wasu labaran sun koma fim, cikinsu har da In Da So Da Ƙauna da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012.

Da zauren marubuta ya koma waya

Yaɗuwar wayoyin zamani ta rage cinikin littafin takarda, ta kuma buɗe wata sabuwar ƙofa. Marubutan da ake kira 'yan onlayin suna rubuta labari a waya, suna sakin sa kashi-kashi a zaurukan WhatsApp da Telegram da shafukan Facebook, ko a manhajar Wattpad, wadda aka kafa a birnin Toronto na Kanada a 2006. Akwai kuma manhajojin da aka gina domin littattafan Hausa, kamar ArewaBooks. Mafi yawan waɗannan marubuta mata ne, kuma kusan kowace tana rubuta sunan ƙungiyarta a saman kowane shafi.

Aikin ƙungiyar bai bambanta da na Raina Kama ba sosai. Tsofaffin 'yan ƙungiya suna duba shafi kafin a sake shi, a gyara ƙa'idar rubutu, a nuna inda labari ya saki hanya. Wadda ta iya zanen bango takan yi wa 'yar'uwarta, wadda ke da mabiya da yawa ta tallata littafin sabuwar marubuciya. Masu karatu kuma suna mayar da sharhi a ranar da shafi ya fita, abin da marubucin takarda ba ya samu sai bayan watanni.

Tsarin ciniki mai sauƙi ne. Sabon marubuci kan fara da littafin kyauta domin ya tara masu karatu. Idan ya zo na kuɗi, sai ya saki shafukan farko kyauta, wanda ke son ci gaba ya biya ta asusun banki ko katin waya, a saka shi a zaure na musamman. Marubuta da dama suna sanya farashi na dabam da kuɗin sefa domin masu karatu na Nijar.

Ribar wannan tsari ta fi bayyana ga wanda ke nesa da Kano. Matashin da ke Dole Kaina, garin bakin kogin Kwara a jihar Kebbi kusa da inda iyakokin Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗu, ko wanda ke Bagudo, a da sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci kafin ya ga maɗaba'ar da ta saba da littafin Hausa da ɗan kasuwar da zai karɓa. Yanzu rubutunsa na iya isa Gaya da Malanville da Kano a dare ɗaya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna yadda fagen ya faɗaɗa: a 2022 Amira Souley daga Maraɗi ce ta zo ta ɗaya da labarinta Garar Biki.

Matakan fitar da littafi

Matakin farko shi ne kammala labarin. Sakin shafi kullum yana sa marubuci ya biye wa son masu sharhi, labari ya yi ta tsawo ba gaira ba dalili. Kafin a mayar da shi littafi, wajibi ne a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, a cire maimaici, a daidaita sunaye da shekaru da lokuta.

Na biyu shi ne gyaran harshe. Rubutun waya ya saba da taƙaita kalmomi, da haɗe waɗanda ya kamata a raba, da watsi da haruffa masu ƙugiya. Alhali bambancin ɓari da bari, ko ƙafa da kafa, bambancin ma'ana ne. Marubucin da ya tashi da karin harshen yamma, inda ake cewa shina a maimakon yana, ko ɗiya a maimakon 'ya, zai iya barin karin garinsu a bakin taurarin labari, ya riƙe Daidaitacciyar Hausa a bayanin mai ba da labari. Yabon 'yan ƙungiya ba ya maye gurbin edita. Malamin Hausa ko gogaggen marubucin da ba ya jin nauyin faɗin gaskiya ya fi amfani a wannan mataki.

Na uku shi ne tsara shafuka da bango. A nan ake tabbatar da cewa rubutun kwamfutar da aka zaɓa yana fitar da ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu na mayar da su akwatuna a lokacin bugu. Hoton bango kuma kada ya zama na wani da aka ɗauko ba izini.

Na huɗu shi ne lambar ISBN, mai alƙaluma 13, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa a Nijeriya. Da ita ake gane littafi a shaguna da ɗakunan karatu na ko'ina. Dokar ɗakin karatun ta 1970 ta kuma wajabta wa mai ɗab'i mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 na kowane littafi a can. Yawancin littattafan kasuwar Kano ba su bi wannan mataki ba, shi ya sa da yawansu suke wuyar samu a yau.

Na biyar shi ne bugu. Injin maɗaba'a yana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya, sau da yawa 16, don haka littafi mai shafi 96 ya fi mai shafi 100 dacewa da aljihu. Kuɗin faranti da ɗaura inji iri ɗaya ne ko kwafi nawa za a buga, shi ya sa farashin kowane kwafi ke sauka idan adadi ya ƙaru. Nan ne tarkon yake: wanda ya buga da yawa don arha zai iya kwana da kwalaye a ɗaki. Tsadar takarda ta ƙara tsananta lamarin, domin masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, ana dogaro da ta waje, kuma farashinta ya bi faɗuwar Naira bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023. Saboda haka wasu marubuta ke karɓar kuɗin masu so tun kafin bugu, su buga gwargwadon buƙata.

Na shida shi ne rarrabawa. Ɗan kasuwa yakan karɓi littafi ne bisa sharaɗin sai an sayar a biya. Rubuta yawan kwafi da farashi da ranar biya, kowa ya sa hannu, yana hana rigimar da ta raba marubuta da dama da jarinsu.

Haƙƙin mallaka da satar fasaha

Babbar barazana ga littafin waya ita ce fitar da shi. Mutum ɗaya zai biya, ya kwafe shafin ya watsa a zaurukan kyauta. Wasu kan haɗa labarin gaba ɗaya su ɗora a shafukansu na intanet suna cin kuɗin talla, wasu su karanta shi a YouTube ba tare da sanin mai shi ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta ba marubuci kariya tun daga lokacin da ya rubuta aikinsa, ko bai yi rajista ba, kuma haƙƙin yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Dokar ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba izini. Sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya game da littafi ba dole ba ne, amma takardar da take bayarwa hujja ce idan gardama ta taso.

Haka nan, dogaro da manhaja ɗaya yana da haɗari. OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Marubucin da ya ajiye cikakken kwafin aikinsa a wuri fiye da ɗaya, ya kuma riƙe hanyar tuntuɓar masu karatunsa, shi ne irin wannan rufewa ba ta durƙusar da shi. Wanda zai sayar wa mai shirya fim ko mai tashar karatu labarinsa kuma, ya kamata yarjejeniyar ta fayyace abin da aka sayar da tsawon lokacinsa.

Tacewa da mutuncin alƙalami

Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu bisa zargin ɓata tarbiyya, daga bisani kuma aka yi takun-saƙa tsakanin hukumar, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, kan batun yi wa marubuta rajista. Wanda zai sayar da littafin takarda a Kano har yanzu yana buƙatar sanin ƙa'idojin hukumar. Littafin waya ya fi wuyar tacewa, kuma ƙorafin batsa ya yi yawa a kansa, har wasu ƙungiyoyin marubuta suka sanya haramcin ta cikin sharuɗɗan shiga.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ɗansa ko matarsa ko shi kansa ke da labari a ajiye, lissafin a bayyane yake. Waya tana gwada ko labari yana da masu so ba tare da an kashe jari ba. Takarda da lambar ISBN da kwafin da ke ɗakin karatu su ne ke sa a sami littafin bayan shekaru, har ɗalibi ya yi nazarinsa. Marubutan da suka daɗe a fagen sukan haɗa biyun: su fara da wayar, su ware wani abu daga cinikinta domin edita, sannan su buga kaɗan su ga yadda kasuwa za ta karɓa.