Kwamfutar tebur ko ta cinya? Wuta ce ke raba gardama

Duk malamin da ya tara kuɗin sayen kwamfuta a Gidan Rumji, ko uban da ɗansa ya gama karatu zai fara aiki, sai ya sha wannan tambayar: ta tebur ko ta cinya? Gardamar ta girmi yawancin masu yin ta.

A shekarar 1981 aka haifi tagwayen a Amurka. Cikin watan Afrilu aka fito da Osborne 1, kwamfutar da ake ɗauka kamar akwati, mai nauyin kusan kilo 11. Cikin Agusta kuma kamfanin IBM ya fitar da tasa ta tebur, wadda ta mamaye ofisoshin duniya. Sai a 2008 cinikin ta cinya ya fara zarce na ta tebur a kasuwar duniya, bayan ta rage nauyi da tsada.

A jihar Maradi kuwa, wutar lantarki ce ta yanke hukunci. Wutar da NIGELEC ke rabawa a yankinmu daga Najeriya take shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can ake sayo ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta maido ta ba sai Maris 2024. Ta tebur, da an ɗauke wuta ta mutu, abin da ba a adana ba ya tafi. Mai ta cinya kuwa yana iya cajin ta a ƙaramin faifan sola, ya buga jarrabawar ɗalibansa da dare, domin cajarta ba ta cika wuce wat 65 ba, alhali ta tebur da allonta sukan ci ninki biyu ko fiye.

Sai dai kada a raina ta tebur. Idan wani sashenta ya lalace, shi kaɗai ake canzawa. Ɓarawo ba ya saka ta a jaka. Ƙurar hunturu ana buɗe ta a kakkaɓe. Ta cinya kuma zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gajarta ran batirinta.

Saboda haka, makarantar da ke da sola da ɗaki mai kulle, inda yara da yawa za su riƙa karɓa-karɓa, ta tebur ta fi mata. Malamin da ke zirga-zirga tsakanin ƙauye da gari, ta cinya ce tasa. Iyaye, kafin ku tambayi mai shago farashi, ku ƙirga awa nawa wuta ke yi a gidanku.