Firam ɗin Alminiyom a Sito: Mai Roba a Ciki ko Zalla?

Manomi, in za ku gina sito a Maska, firam ɗin taga da ƙofa na alminiyom iri biyu ne. Akwai zalla, irin wanda aka saba haɗawa a Funtua. Akwai kuma wanda aka ratsa roba mai tauri a tsakiyarsa, don kada zafin waje ya biyo ƙarfen ya shigo. Alminiyom kuwa ya fi katako ɗaukar zafi kusan sau 1,000.

Duka biyun gara ba ta ci, ba sa tsatsa. To amma mai robar da tsada, kuma amfaninsa sai a ɗakin sanyi, inda ƙungiya ke ajiye iri ko tumatir. Can, zalla yakan yi gumi, ruwa ya ɗiga kan buhu, hatsi ya yi funfuna.

Siton masara da dawa fa? Zalla ya wadatar. Zafin Maris da Afrilu ta kwano yake sauka, don haka rarar kuɗin a sa sili da ita, a sa wa tagogi raga saboda ɓera, a busar da masara har damshinta ya sauko kashi 13 cikin 100.