Fakur: wasan tsallake shinge da zai iya janye yaran ƙasar Gobir daga kan waya

Fakur, wanda Faransawa ke rubutawa parkour, wata hanya ce ta horar da jiki wadda mutum ke bi ta kan duk abin da ya tare masa gaba, katanga ce ko dakali ko rami, ba tare da kayan aiki ba sai hannayensa da ƙafafunsa. Gudu da tsalle da hawa da mirgina su ne ginshiƙansa. A ƙasashe da dama malaman motsa jiki sun rungume shi a matsayin abin da ke ɗauke hankalin yara daga waya da talabijin. Batun ya shafi iyaye a Sabon Birni da Isa, inda rashin tsaro ya ƙuntata wa yara wuraren wasa, waya kuma take neman cike gurbin.

Asalin wasan

Tushen fakur yana komawa ga Georges Hébert, wani hafsan sojan ruwan Faransa da ya rayu daga 1875 zuwa 1957. A tafiye-tafiyensa ya ga mutanen Afirka masu ƙarfi da zafin nama, alhali ba su taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba, rayuwar yau da kullum ce ta gina su. A 1902 ya taimaka wajen ceto ɗaruruwan mutane lokacin da dutse ya yi aman wuta a tsibirin Martinique. Daga nan ya tsara horo mai rassa goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, tsayuwa ba tangaɗi, jifa, ɗaukar nauyi, kare kai da iyo. A wurinsa amfanin ƙarfi shi ne a taimaki jama'a da shi.

Sojojin Faransa sun ɗauki wannan tsari suka gina filayen atisaye masu shingaye. Raymond Belle, wanda ya taso cikin irin wannan horo ya kuma zama ma'aikacin kashe gobara a Paris, shi ya isar da shi ga ɗansa David Belle, haifaffen 1973. A ƙarshen shekarun 1980 David da abokansa suka mayar da katangu da benayen garuruwan Lisses da Évry, kudu da Paris, filin atisayensu. Daga bisani suka kira ƙungiyarsu Yamakasi, sunan da suka aro daga harshen Lingala na ƙasar Kwango, mai nuni ga ƙarfin jiki da na zuciya.

Fina-finai ne suka fito da wasan ga duniya, musamman Yamakasi na 2001 da Casino Royale na 2006, wanda Sébastien Foucan ya yi gudun da aka buɗe shi da shi. A Janairun 2017 Birtaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da fakur a hukumance a matsayin wasa. Hukumar wasannin lanƙwasa jiki ta duniya, FIG, ta shirya gasar duniya ta farko a Tokyo a Oktoban 2022, duk da cewa ƙungiyoyin fakur da yawa sun yi adawa da shigarta cikin lamarin.

Abin da ake koya wa yaro

Bidiyon da ke yawo a intanet yakan nuna samari suna dirowa daga kan benaye, amma ba daga nan ake farawa ba. Darasin farko shi ne sauka: yaro ya dira a kan gaban tafin ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ba tare da ƙara ba. Na biyu shi ne mirgina daga kafaɗa ɗaya zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren, yadda kai da ƙashin baya ba za su bugi ƙasa ba. Sai tsalle daga alama zuwa alama a tsaya cak, da tafiya a kan siririn itace, da rarrafe da hannu da ƙafa, da dafa gajeren shinge a haye shi. Duk waɗannan a ƙasa ake yin su, ko a tudun da bai wuce gwiwar yaro ba.

Tare da su ake koyar da auna haɗari. Mai koyo yakan taɓa wurin da zai dira, ya gwada ƙarfinsa, ya kuma maimaita motsi ɗaya sau da dama kafin ya ƙara nisa. Wanda ya ga bai shirya ba ya fasa, kuma ba a ɗaukar hakan ragwanci.

Mizanin masana lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa jarirai da 'yan shekara ɗaya ba a so a zaunar da su gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. A 2020 ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana, tare da motsi mai ƙarfafa tsoka da ƙashi sau uku a mako. Wani bincikenta da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan mizani, kuma abin ya fi yawa a tsakanin 'yan mata.

Hani kaɗai ba ya raba yaro da waya, domin abin da yake samu a cikinta shi ne nishaɗi da gasa da matakin da zai haye zuwa na gaba. Fakur yana da waɗannan duka: tsallen da ya gagara jiya ya yiwu yau, gobe a ƙara taku ɗaya. Ba ya buƙatar ƙwallo ko takalmi na musamman ko fili mai faɗi.

Halin da ake ciki a Sabon Birni da Isa

Ƙasar Gobir ba baƙuwar irin wannan horo ba ce. Langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, yana ture abokan karawa don ruwa ya kai wurin sha, darasi ce ta tsayuwa ba tangaɗi. Alkafura da adungure a kan rairayin gulbi mirgina ce. Hawan mangwaro da tsamiya, da 'yar gala-gala da tsallen igiya na 'yan mata, da kokawar kaka, duk sun shiga cikin rassan da Hébert ya lissafa. A tsallaken iyaka, gasar kokawa ta takobi da Nijar ta fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ta nuna inda wasan dandali zai iya kaiwa idan hukuma ta tsaya masa.

Abin da ya canja shi ne wurin wasan. Hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen wannan yanki tun daga 2019, wasu zuwa jihar Maraɗi, wasu zuwa cikin manyan garuruwa. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Dandalin farin wata da bakin gulbi da bayan gari sun zama wuraren da uwa ba ta yarda ɗanta ya je. Yaron da aka tsare a gida kuwa, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne wayar yayansa, cike da fina-finan da aka tura a kati, waɗanda ba sa buƙatar intanet.

Ba kowane yaro wannan matsala ta shafa ba. Wanda ke yini a gona ko ɗiban ruwa ba motsi ya rasa ba, wanda kuma yunwa ta rama shi abinci yake buƙata kafin atisaye. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran cikin gari da na 'yan gudun hijira da ke zaune a ƙuntataccen wuri. Akwai misali daga Gaza, inda matasan Khan Yunis suka kafa ƙungiyar fakur a 2005, suka riƙa koyo daga bidiyo suna atisaye a kan rairayi da kangaye. Wayar ce ta nuna musu wasan, wasan kuma ya fitar da su daga kanta.

Haɗari da ƙa'idoji

Karaya da targaɗe da buguwar kai su ne manyan haɗurran fakur, kuma sun fi aukuwa idan yara suka kwaikwayi bidiyo ba tare da babba ba. Ƙashin yaro yana kan girma, saboda haka dirowa daga sama a kan daɓen siminti na iya yi masa lahani mai daɗewa. Katangar laka takan zube bayan ruwan sama, rufin kwano yana yanka, tsohuwar ƙusa kuma na iya jawo cutar sarƙewar haƙora. A watannin bazara zafi yakan haura maki 40, don haka safiya ko bayan la'asar ne lokacin atisaye, da ruwan sha a kusa. Yaron da ya bugi kansa ya yi amai ko ya suma, asibiti za a nufa da shi nan take.

Akwai kuma haddin al'ada. Haura katangar gidan mutane a ƙasar Hausa aikin ɓarawo ne, kuma keta sirrin matan gida ne. A lokacin zaman ɗar-ɗar yana iya sa a ɗauki yaro a matsayin mugu. Wurin da ya dace shi ne harabar makarantar firamare ko ta Islamiyya, ko tsakar gida mai faɗi, inda 'yan mata ma za su samu nasu lokacin.

Kayan da ake buƙata ba su wuce tsofaffin tayoyi da gungumen itace da benci da 'yan buhunan rairayi ba. Malami ɗaya, ko tsohon ɗan kokawa da yara ke ganin girmansa, zai iya tsayawa a kan yara goma zuwa goma sha biyar, ya fara da langa don ɗumama jiki, ya koyar da sauka da mirgina, ya kuma kafa doka ɗaya da ba a karyawa: babu mai hawa abin da ya fi ƙugunsa tsawo sai ya iya sauka daga wanda bai kai gwiwarsa ba.