Daga Wasiƙar Ajami zuwa Saƙon Murya a Ƙasar Waca

Duk wanda ya san ƙasar Waca, wadda take ɗaya daga cikin tsofaffin sarautun Sosebaki tare da Dungas da Mirya tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye su a ƙarni na 19, ya san cewa mutanenta ba sa shekara a wuri guda. Da zarar an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sai samari su ɗaura aniyar cin rani, almajirai su bi malamansu gabas, fatake su kama hanyar Kano. Tun ranar da aka fara tafiya kuwa aka fara aike, domin sada zumunci wajibi ne wanda nisan zango ba ya sauke shi daga wuyan musulmi.

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, saƙo yana tafiya ne da ƙafar mutum. Mai bukata yakan je zauren malami, a jiƙa tawada, a feƙe alƙalamin kara, a fara da basmala da salati, a jero gaisuwa mai yawa da tambayar lafiya kafin a zo ga maganar da ta sa aka zauna, sa'an nan a naɗe takardar a danƙa wa falke ko almajirin da zai bi ta garin. Abin lura a nan, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne ɗan aiken nan yana da suna, yana da uba, yana da unguwa. In ya yi sakaci da amanar da aka ba shi, akwai dattijon da za a kai wa ƙara, akwai alƙali, akwai kuma kunyar da za ta bi shi har ƙofar gidan surukansa.

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899 suka zo da tangarahu da gidan waya, amma waɗannan na hukuma ne da ƴan boko. Talaka ya ci gaba da dogaro da ɗan'uwansa matafiyi, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, hanyar Magarya ta cika da raƙuma da jakuna, daga baya da manyan motoci. Direba da yaron mota suka gaji aikin falke. Da rediyo mai kaset ta yawaita sai aka sami sauƙin da tsofaffi har yau suke begensa: ɗan cin rani ya zauna da dare ya yi magana a kaset, ya gai da kowa da sunansa, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, a gida kuma a taru a tsakar gida a saurara, uwa ta ce a mayar mata da wurin da ya ambace ta.

Salula ta shigo Nijar a 2001 da kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, wasu kamfanoni kuma suka biyo baya. Ba zan musanta alherinta ba, domin musanta ni'ima butulci ne; binciken wata masaniya mai suna Jenny Aker ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari saboda ita, kuma saƙon murya na WhatsApp ya mayar wa wanda bai yi lakwal ba abin da kaset ya taɓa ba shi, cikin ƙiftawar ido. Sai dai ɗan aiken da muka samu a wannan karon ba shi da fuska.

Na ɗanɗani wannan da kaina shekarar da na yi aikin gini a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Labari ya iso mini cewa Inna ba ta da lafiya, na cire kuɗin yini guda na sayi intanet na wata, na yi mata saƙon murya na tura, sai ɗan agogon nan ya tsaya a gefen saƙon, ya ƙi juyawa ya zama alamar isarwa, yini ɗaya, yini biyu, har uku, alhali kuɗin suna raguwa. Na kira lambar da aka ce ta masu sauraron koke ce, wata murya ta na'ura ta yi ta umurtata da Larabci da Faransanci in danna ɗaya, in danna biyu, ta bar ni da kiɗa har cajin wayar ya ƙare. Na tafi ofishinsu, na bi layi tun hantsi har azahar, ma'aikacin ya dubi kwamfuta ya ce layin ba da sunana aka yi masa rajista ba, sai mai sunan ya zo da takardunsa. Mai sunan kuwa wani bawan Allah ne da ya taimake ni ya saya mini, ya daɗe da barin garin. Baƙon da ba shi da takardu ba ya ɗaga murya a ofis, na ce masa na gode, na fita. Da na sami wayar aro na kira ƙanena, sai ya ce, "Yaya, mu ma nan rezo ya ɗauke, sai na hau tudu nake samu." Kamfanin can ya ce laifin na nan ne, na nan ya ce na can ne.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda suka karantar da mu Risala a zaure, sun yi bayanin ijara filla-filla: wanda ya karɓi lada domin wani amfani sananne, wajibi ne ya isar da amfanin, in ya kasa ya mayar da abin da ya karɓa, har ma sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da ya salwanta a hannunsu, domin maslahar jama'a, don kada maɗinki ko marini ya fake da cewa ƙaddara ce. Ban ga hujjar da za ta fitar da kamfanin waya daga wannan hukunci ba, kuma ina ganin haƙƙi ne a kan hukumar ARCEP da ke Yamai, mai sa ido a kan kamfanonin waya, da takwarorinta na ƙasashen da ƴaƴanmu suke neman abinci, su tilasta a ajiye mutum mai rai, mai jin harshen talaka, wanda za a iya kai wa kuka ya share hawaye.

A rana ta huɗu na je tasha na sami wani direba ɗan Damagaram da zai bi ta Assamaka da Arlit da Agadas, na ƙulle kuɗin magani a leda na ba shi, na faɗa masa sunan unguwarmu da sunan mahaifina. Ya ce ya san gidan, ya taɓa sauke buhunan wake a ƙofarsa. Bayan kwana tara ƙanena ya hau tudun nan ya shaida mini cewa saƙo ya iso, ba abin da ya yi ciwon kai.