Rukmini Devi Arundale

Rukmini Devi Arundale (1904–1986) gwanar rawar Bharatanatyam ce kuma malama, haifaffiyar Madurai a kudancin Indiya. Ta taso lokacin da manyan gidaje ke ƙyamar wannan rawa, suna ganinta sana'ar matan gidajen bauta. Ta toshe kunnenta ga surutun jama'a, ta koya wajen Meenakshisundaram Pillai, ta taka a bainar jama'a a 1935. A 1936 ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras, kuma nan ne babban aikinta: ta sake fasalin tufafin rawar, ta zaunar da makaɗa a gefen dandali, ta horar da ɗalibai masu yawa. An naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya a 1952, inda ta jajirce kan dokar hana zaluntar dabbobi ta 1960.